Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Labarin Duwatsun Da Aka Yi Wa Tattaki

Duk wanda ya tsaya a unguwar Mairi, wadda ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri, ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ba zai hangi dutse ko guda ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, sai rairayi da itatuwan darbejiya. Amma in mutum ya bi hanyar motar da ta wuce ta ƙofar jami'ar ta nufi Bama, ya zarce har Pulka, sai ya iske duwatsun Gwoza sun tare masa gaba, tafiyar kilomita kamar 130 daga Maiduguri. Nan ne bakin duwatsun Mandara, waɗanda suka miƙe a kan iyakar Nijeriya da Kamaru.

A shekarar 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka mamaye Gwoza, dubban mutanen duwatsun nan suka yo hijira zuwa Maiduguri. Akwai yaran da aka haifa a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa waɗanda ba su san dutsen kakanninsu ba sai a bakin iyayensu. Abin da ya same su da ƙarfin bindiga yana samun sauran jama'ar ƙasar nan sannu a hankali ta hanyar sakaci, domin duwatsun da manyan birane suka tashi a gindinsu suna nan tsaye, amma labarinsu yana shuɗewa.

DALA DA BARBUSHE

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya juya shi zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma aka mai da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya fara ne da labarin dutse. Ya nuna cewa wani mutum da ake kira Dala shi ne ya zauna a kan dutsen, dutsen kuma ya gaji sunansa. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaton maharbi, wanda ya zama shugaban tsafin Tsumburbura. Wurin tsafin wata itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe shi kaɗai.

Bisa ga wannan littafi, Barbushe ba ya saukowa daga kan Dala sai ranaku biyu a shekara. In lokacin ya kusa, sai mutane su yo tattaki daga ko'ina, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin dutsen da maraice. Da dare ya yi sai Barbushe ya shiga wurin Tsumburbura, in ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai auku a shekarar da ke tafe. An ce har zuwan baƙon da zai mallake su ya faɗa musu, aka kuwa sami Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999.

Masu binciken kayan tarihi sun tono wurin narkar da tama a Dala wanda aka ƙiyasta shekarunsa tun ƙarni na 7. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bayani a wata maƙala ta 1970 cewa manyan duwatsu irin su Dala a Kano, da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, da Kwatarkwashi a Zamfara, mazaunin Magiro, su ne suka jawo mutane wuri ɗaya tun kafin a gina ganuwa. A gindinsu akwai ruwa da ƙasar noma da tama da wurin fakewa ran yaƙi, sa'an nan mutanen da sun ɗauka cewa manyan iskoki a can suke zaune. Inda masu tattaki suka taru kuwa, nan kasuwa takan ci, inda kasuwa ta ci nan gari yakan kafu.

DOKI DA MAHAYINSA

Iskokin da aka ce suna zaune a duwatsu, da tsamiya, da kuka, da tsofaffin rijiyoyi, su ne dai waɗanda 'yan bori ke kira. A wurinsu mutumin da iska ke hawa doki ne, mace kuwa goɗiya, iskar ita ce mahayi. Yawanci ciwo ne ke kai mutum, in an yi magani an gaji sai a ce a yi masa girka, watau a killace shi kwanaki ana ba shi magunguna ana koya masa yadda zai zauna lafiya da iskar da ta taɓa shi. Ran wasa, masu garaya da goge da masu kiɗan ƙwarya sukan yi wa kowace iska takenta, in ta hau doki sai muryarsa da tafiyarsa su sāke, a yi masa tambaya a kan ciwo ko haihuwa ko wata damuwa, ya ba da amsa. Sa'ad da iskar za ta sauka sai dokin ya yi atishawa.

Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa a 1983, ya rubuta yadda 'yan bori ke cewa iskokin suna da birninsu, Jangare, mai gidaje 12 a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu. A cikinsu akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci, da Malam Alhaji mai tari da tasbaha, da Kuturu, da Sarkin Rafi, da Inna. Mai lura zai ga cewa birnin Jangare hoton zaman Hausawa ne, da sarakunansa da malamansa da naƙasassunsa. A Maraɗi da Tsibirin Gobir kuwa, shugabancin bori sarauta ce ta fada, Iya a Maraɗi, Inna a Gobir.

A ƘASAR JAFAN

Irin wannan haɗuwa ta dutse da tattaki da hawan iska akwai ta a can ƙarshen gabashin duniya. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Jafan duwatsu ne, kuma tun zamanin da mutanenta sun ɗauke su mazaunin abubuwan bautarsu da rayukan magabata. Daga cuɗanyar addininsu na gargajiya, watau Shinto, da addinin Buda, aka sami wata ɗariƙa mai suna Shugendo, wadda mabiyanta, 'yan yamabushi, ke shiga duwatsu su yi azumi, su tsaya ƙarƙashin ruwan sanyi mai zubowa daga bisa, domin neman ƙarfin warkarwa.

Dutsen Ontake, mai tsawon mita 3,067, shi ya fi shahara wajen hawan iska. A da ba mai hawansa sai wanda ya yi kwana 75 ko 100 yana tsarkake kansa, har wani mai suna Kakumei ya buɗe wa talakawa hanya a 1785, wani kuma mai suna Fukan ya buɗe ta biyu a 1792. Masu tattaki kan zo ƙungiya ƙungiya cikin fararen kaya. Mutum biyu ke gudanar da zaman: ɗaya ya zauna riƙe da sanda mai fararen takardu, shi ake kira nakaza, ɗaya ya zauna gabansa yana karanta addu'o'insu, shi ne maeza. In sandar ta fara rawa, jikin nakaza ya ɗauki karkarwa, sai maeza ya yi tambaya a kan mara lafiya ko amfanin gona, bayan an amsa ya sallami abin da ya sauko. Wani Ba'amurke, Percival Lowell, ya ga wannan da idonsa a kan dutsen a 1891. Wanda ya taɓa ganin mai garaya da dokin bori ba zai rasa gane rabon aikin mutanen nan biyu ba.

A arewacin ƙasar kuma akwai dutsen Osore, inda ake taruwa daga 20 zuwa 24 ga watan Yuli kowace shekara. Can ne makafin mata da ake kira itako suka yi suna wajen kiran matattu domin danginsu su ji daga gare su. Yanzu kaɗan ne suka rage.

Su ma waɗannan al'adu sun sha matsi. A 1872 gwamnatin Jafan ta soke Shugendo, bai farfaɗo sosai ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. A wannan shekara ta 1872 aka ɗage dokar hana mata hawan duwatsu irin su Fuji, ko da yake har yanzu ba a barin mace ta hau ƙololuwar dutsen Omine. Ran 27 ga watan Satumba 2014 Ontake ya yi aman wuta da tsakar rana, mutum 58 suka mutu, 5 suka ɓace, amma ba a daina hawansa ba.

MUHAWARAR BARNO DA SAKKWATO

A ƙasar Hausa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Tarihin Kano ya ce Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya rusa gidan Tsumburbura. A zamanin Yaji Wangarawa suka zo da Musulunci fada, a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sare itaciyar tsafi aka gina masallaci. Duk da haka yanka ga itatuwa da duwatsu bai ƙare ba, yana cikin manyan abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi a kansu kafin jihadin 1804. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa ƙungiyar 'yan taru, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, domin ilmi ya maye gurbin bori.

Wannan magana ta taɓa Barno ma. A wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, waɗanda Bello ya kawo a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, an tuhumi mutanen Barno da yin yanka a wasu keɓaɓɓun wurare. Al-Kanemi ya amsa da cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne da jahilci, ana samunsu har a manyan ƙasashen Musulmi, maganinsu karantarwa. Bello ya tsaya a kan cewa wanda ya yi yanka ga itace ko dutse ya taɓa asalin tauhidi. Malaman biyu sun yi wa juna hujja da sanin abin da mutanensu ke aikatawa, ba su rufe ido ga barinsa ba.

HANYAR GABAS

Da Musulunci ya kafu, tattakin ya juya ya fuskanci gabas, Barno kuwa ita ce ƙofa. Littafin jerin sarakunan Barno ya ce Mai Dunama ɗan Hume ya yi aikin hajji sau biyu a ƙarni na 12, ya rasu a teku a tafiya ta uku. A tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibai da alhazai. Bayan kafa Yerwa a 1907, ayarin maniyyata daga Kano da Sakkwato da Katsina sukan ratsa ta nan a ƙasa, ko bisa jakuna, daga baya a manyan motoci, su ƙetare zuwa Fort Lamy, wanda ake kira Njamena tun 1973, su bi ta Abeshe da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya suna ƙwadago, da yawa kuma suka zauna a Sudan, zuriyarsu na can har gobe.

A ƙarshen wannan doguwar tafiya ma duwatsu ke jiransu: Safa da Marwa, da dutsen Rahama a filin Arfa, da dutsen Nur inda kogon Hira yake. Bambancin shi ne alhaji bai ɗauki dutsen mazaunin kowa ba, ba ya roƙonsa kome, malamai ma sun bayyana cewa hawan dutsen Rahama ba ya cikin sharuɗɗan hajji.

ABIN DA YA RAGE

In aka wuce Gwoza aka shiga ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, akwai Sukur a bisa dutse, da fadar sarkinsu Hidi wadda aka gina da duwatsu, da gonaki hawa hawa, da hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, da wuraren narkar da tama da na tsafi. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. A watan Disamba 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen suka ƙone gidaje, suka yi ɓarna a fadar. Dala kuwa, wanda aka sa a jerin masu jiran shiga tun 2007 tare da ganuwar Kano, gidaje sun matse shi ta kowane gefe, ruwan sama na zaizaye shi, shara na taruwa a gindinsa.

Jafanawa, waɗanda yawancinsu ba sa zuwa wurin nakaza ko itako, sun gyara hanyoyin duwatsunsu, sun rubuta tarihin kowane mataki, har UNESCO ta karɓi hanyoyin tattakin yankin Kii a 2004, ta karɓi Fuji a 2013. A nan kuwa wasu na gudun zancen Dala da Kufena kamar ambatonsu komawa tsafi ne. Alhali kuwa wanda ya rubuta labarin Barbushe malami ne Musulmi, da Larabci ya rubuta, bai kuma ga cewa hakan ya rage masa imani ba. Sai an san abin da aka bari sa'an nan a san darajar abin da aka kama.

Ya kamata gwamnatocin jihohi, da masarautu, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su kewaye waɗannan wurare, su hana gini da fasa dutse a jikinsu. Ya kamata kuma sassan tarihi na jami'o'i, musamman Jami'ar Maiduguri da ke daura da Mairi, su zauna da tsofaffin da suka yo hijira daga Gwoza da Madagali su ɗauki abin da ke bakinsu, sunayen duwatsu da bukukuwa da hanyoyi, tun suna da rai. Gidan da aka ƙone ana iya sake gina shi, amma tsohon da ya tafi da labari ya tafi ke nan. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka kuma ganin dutse daga nesa ba sanin tarihinsa ba ne. Allah ya maido da zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa.