Gyaran Silin Ɗin Mota a Tsakar Gida

 Yau zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, to mu da muke cikin gida ina ruwanmu da gyaran mota, ai wannan aikin bakanike ne. Ki ɗan saurara, uwargida. Akwai wani gyara da ba ya bukatar sifana ko baƙin mai, hannun da ya iya shimfiɗa zanen gado da yanka yadi shi yake bukata. Shi ne sake yadin rufin mota na ciki, wanda muke ce wa silin.

Wataƙila kin lura ranar da maigida ya ɗauke ku zuwa asibiti ko gidan biki, yadin nan ya saki ya yi tumbi, yana shafar ɗankwalinki. Ba muni kaɗai ne matsalarsa ba. Idan ya sauko sosai yakan tare madubin da direba ke kallon baya da shi, in kuma an sauke gilashi iska ta shige shi, yana iya faɗowa a fuskar mai tuƙi. Ga kuma wani gari ja-ja da ke zubowa a kan yara, yana shiga ido da hanci.

Bari mu fara da sanin ciwon. A yawancin motocin da ke hannun mutane yanzu, irin su Golf da Honda da Toyota da aka shigo da su ta Kwatano, silin ɗin hawa uku ne. Akwai faifai mai ɗan tauri kamar kwali wanda aka yi shi daidai da siffar rufin, sai soso siriri mai kaurin kamar milimita 3, sai yadin da muke gani. Yadin a jikin soson yake manne, soson kuma a jikin faifan. To soson nan shi ne mai rauni. Zafi da laima suna cinye shi a hankali har ya ruɓe ya zama gari. Mu kuwa a nan kin san yadda rana take a watan Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, motar da aka rufe aka bari a rana kuwa cikinta yakan wuce digiri 60. Ga shi motar ta riga ta yi shekaru a Turai ko Amurka kafin ta iso mana.

Wannan shi ya sa duk wanda ya ɗaga yadin ya shafa gam ya mayar, bayan kwana biyu sai ya sake saki. Gam a kan gari aka shafa, kamar mai liƙa takarda a kan rairayi. Maganin guda ɗaya ne: a sauke faifan, a kankare mataccen soson tas, a manna sabon yadi.

Amma ki fara duba wace irin mota ce. Tsofaffin motoci irin Fijo 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, nasu ba faifai ba ne. Yadi ne da aka ɗinka masa aljihuna aka zura ƙarafa sirara suka riƙe shi, wannan aikin ɗinki ne dabam. Motar da rufinta ke da taga mai buɗewa ita ma a bar wa masu sana'ar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aikin kashi biyu ne. Saukewa da mayarwa na maigida ne ko wani babban yaro a gidan, bayan kun yi shawara ya amince, tunda motarsa ce. Zai fara cire wayar batir, sannan ya kwance makarin ranan nan biyu na gaban direba, da mariƙan da ke saman ƙofofi, da fitilar ciki, ya ɗan saki robobin da ke gefe-gefe. Ki ba shi ƙaramin kwano ya riƙa zuba kusoshi da 'yan maƙalan roba a ciki, don in ɗaya ya ɓace sai an sha yawo. A kwantar da kujerun gaba, a karkata faifan a fito da shi ta ƙofa a hankali, in wagon ce ta baya. Kada a lanƙwasa shi, in ya karye alamar ba ta ɓacewa. In kuwa an ga an rubuta SRS ko AIRBAG a jikin ginshiƙan gefe, to akwai jakar iskar nan mai kumbura lokacin haɗari a ɓoye a gefen rufin. Irin wannan bakanike ne zai sauke ya kuma mayar, a kawo miki faifan kawai gida.

Ga abin da za ki aika a sayo. Na farko yadin silin, wanda ya zo da sosonsa manne a baya, ana samunsa wurin masu sayar da kayan ɗinkin kujerun mota. Ki auna tsawo da faɗin faifan da tef ɗinki na ɗinki, ki ƙara taƙi guda a kowane gefe. Ƙaramar mota yadi 2 yakan ishe ta, wagon ta fi haka. Ki yanko ƙyallen tsohon ki ba ɗan aike don a dace da launi. Kada ki ce za ki sa atamfa ko shadda zalla, gam zai huda ta ya fito ya yi tabo, kuma duk wani ƙurji na jikin faifan sai ya nuna. Na biyu gam, kuma a nan ne ake yawan tafka asara. A ce wa mai kanti wanda ke jure zafi ake so, na fesawa in da hali, a sayo gwangwani biyu. Gam ɗin takarda na 'yan makaranta da sitaci da ɗan ƙaramin nan mai kamawa nan take duk ba sa yi. Sai burushin wanki mai tauri, da almakashi, da sabuwar reza, da takunkumi, da safar hannu.

Yanzu ga naki aikin. Ki zaɓi ranar da babu iska mai ƙura kuma babu hadari. Ki shimfiɗa tsohuwar tabarma ko leda a inuwa a tsakar gida, ki ɗora faifan, fuskar yadin tana sama. Ki yaye tsohon yadin, zai taso ba gardama. Ki sa takunkumi da safar hannu, don wani faifan yana da zaruruwa masu sa ƙaiƙayi. Sai ki bi shi da burushi kina gogewa a hankali, lungu-lungu, har soson ya fita gaba ɗaya. Kada ki sa ruwa, faifan yana sha ya lalace, kada kuma ki danna da ƙarfi ki huda shi. Ki share da busasshen tsumma, ki shafa da tafin hannu. In kin ji santsi, hannunki kuma bai kwaso gari ba, ya yi. Wannan gugar ita ce rabin aikin, wadda ta yi mata ha'inci za ta sake sayen yadi.

Kafin ki buɗe gam, don Allah 'yar uwa ki ji wannan da kyau. Gam ɗin nan yana kama wuta kamar fetur, tururinsa ma yana kamawa. A kashe murhu da risho da gas, a kawar da kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Kada a yi aikin a cikin ɗaki, warinsa yana sa jiri da ciwon kai. Yara su koma wani sashe, mai juna biyu da mai asma kuma su bar wa wata wannan matakin. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ki shimfiɗa sabon yadin a kan faifan, soson yana ƙasa, ki daidaita shi ya zarce ta kowane gefe. Ki naɗe rabinsa ya koma kan ɗaya rabin. Ki fesa gam a kan faifan da ya bayyana, ki fesa a bayan yadin, ko'ina ya samu amma kada ya yi kwance. In na shafawa ne, a shafa shi siriri. Sai ki jira 'yan mintoci kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, har ya zama in kin taɓa yana danƙo amma ba ya biyo yatsa. In kika manna da ɗanyensa zai jiƙa soson ya fito ta gaba.

A nan kina bukatar mataimakiya, abokiyar zama ko babbar 'yarki. Ita ta riƙe bakin yadin a sama, ke kuma ki riƙa kwantar da shi kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe. Da tafin hannu za ki shafa, ban da kan yatsu, domin inda yatsa ya lotsa soso mai gam haka zai zauna har abada. Wuraren da faifan ya yi kwari, kamar gurbin mariƙi da na makarin rana, ki fara shigar da yadin cikin kwarin kafin ki wuce, kada ki ja shi ya yi gada a kai, nan ne yake fara saki. Ki sani inda ya kama ya kama, ɗagowa yana yaga soson. Sannu ba ta hana zuwa. In kin gama rabi, ki yi wa ɗayan haka.

Sai ki juya faifan ki rage gefuna da almakashi. Ki duba yadda tsohon yake: inda aka naɗe shi ta baya, galibi gaba da baya, ki bar kamar faɗin yatsu biyu ki naɗe ki manne. Ramin fitila ki tsaga shi gicciye da reza ki naɗe leɓɓan ciki. Ramukan kusoshi kuwa 'yar huda ta isa, ƙaramin rami ana iya ƙara shi, babba ba ya komawa. Ki ajiye shi a kwance a inuwa, inda kaji da awaki ba za su hau ba, ya kwana ya wuni kafin a mayar. Wanda zai mayar ya wanke hannu, sabon yadi ba ya son maiƙo.

Bayan an gama, a riƙa ajiye motar a inuwa ko a rufa mata tampol. In silin ya yi datti a goge shi sama-sama da tsumma mai ɗan laima, kada a jiƙa shi, kada a dirje. In kuma ana ganin ruwa na tsattsafowa ta rufin da damina, a fara toshe wurin.

Kuɗin aikin da za a ba wani a waje ya zauna a gida ke nan, kayan kawai aka saya. Wadda hannunta ya faɗa kuma, babu abin da zai hana maƙwabta da 'yan uwan maigida su riƙa aiko mata da nasu faifan ta hannun yara, tana daga cikin gidanta, kamar yadda ake aiko da ɗinkin hula ko saƙa. Sai dai ki fara da na gida, ki ga ya ƙetare bazara guda bai saki ba, kafin ki karɓi na mutane.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ta ba yara wasiƙarta su kawo mana kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara. Ku huta lafiya.