"Ina da Yaro, Zan Kawo Maka": Ɗaukar Ma'aikaci ta Hannun Ma'aikaci

A shirinmu na wannan mako mun taɓo maganar da ta shafi duk mai shago, mai mota da mai garke: ta ina ake samo sabon ma'aikaci? Daga Illela zuwa Konni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, ba ka ganin mai shanu ya manna takarda a bango yana cigiyar makiyayi. Yaronsa na da yake kira, ya ce masa, "Nemo mana wani mai hankali." Kwana biyu sai ga shi da ɗan ƙauyensu.

Abin da wasu ba su sani ba shi ne, manyan kamfanonin duniya ma haka suke yi, sai dai su sun sa abin a rubuce. Ana sanar da ma'aikata cewa akwai gurbi, duk wanda ya kawo mutumin da aka ɗauka za a ba shi tukuici. Dalilinsu ɗaya da na Alhaji mai shago. Takarda tana nuna karatun mutum, amma ba ta nuna ko zai tashi da asuba, ko hannunsa na tsayawa idan ya ga kuɗi. Wanda ya zauna da shi ne ya san wannan. Shi ma sabon, kafin ya zo, an riga an faɗa masa wahalar aikin da halin maigidan, don haka ba ya gudu a sati na biyu.

Masana sun auna abin. A shekarar 2015 wasu masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kamfanoni 9, cikinsu har da na manyan motocin dakon kaya. Sun samu cewa waɗanda suka shigo ta hannun wani ma'aikaci sun fi daɗewa a bakin aiki, kuma direbobin da aka kawo ta wannan hanya sun fi ƙarancin haɗari a hanya. Duk mai tirela ya san abin da wannan ke nufi a aljihunsa.

To amma kada mu yi saurin tafi. Akwai wani labari daga Ghana, kuma ya fi kusa da mu. Rundunar sojan da Turawan Ingila suka kafa a can zamanin mulkin mallaka ta samo asali ne daga wata runduna da ake kira ta Hausawa, kuma a cikinta soja yakan kawo sabon soja. Wasu masana biyu, Marcel Fafchamps da Alexander Moradi, sun bi tsofaffin kundayen rundunar na farkon ƙarni na 20. Abin da suka gano ya saɓa wa tsammani: waɗanda aka kawo ta hannun wani sun fi sauran gudu daga aiki, sun kuma fi fuskantar kora saboda rashin cancanta. Masanan sun ga alamar cewa masu kawowar amfanin kansu suke dubawa. Wanda ribarsa ke ƙarewa a ranar da ya miƙa mutum, me ya dame shi da abin da zai faru bayan wata shida?

Nan ne gizo yake saƙa. Tsarin ɗaya ne, a wani wuri ya yi kyau, a wani wuri ya ɓaci. Bambancin yana ga abin da mai kawowa zai samu ko zai rasa, da kuma lokacin da zai same shi.

An gwada wannan ƙiri-ƙiri a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, aka buga sakamakon a 2012. An ce wa mutane kowa ya kawo wanda zai yi wani aiki. Wasu an yi musu alkawarin kuɗi tsayayye da zarar sun kawo mutum. Wasu kuwa an ce ladansu zai ƙaru gwargwadon ƙoƙarin wanda suka kawo. Waɗanda aka ɗaura ladansu a kan ingancin aiki sai suka rage kawo dangi, suka fi kawo abokan aikinsu. Ka ga ashe mutum ya san bambancin ƙaninsa da gwanin da ya sani, sai dai bai da dalilin nuna maka. Wani abu kuma da ya fito, waɗanda su kansu sun iya aikin su ne suka fi iya zaɓo gwani. Saboda haka idan za ka ce a nemo maka makiyayi, tambayi wanda shanunsa ke dawowa da ƙiba, ba wanda kuka fi shiri da shi ba.

Iyayenmu fatake ba su jira masana ba. Bature mai bincike Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar da shanun arewa bashi ga mahautan kudu. Mai shanu baƙo ne, bai san mahaucin ba, amma maigidan da ya sauke shi ya tsaya a tsakani, kuma idan mahauci ya ƙi biya, sunan maigidan da kasuwarsa ne a kan layi. Shi ya sa ba ya haɗa ka da kowa. Wannan shi ne bambancin "na san shi" da "na tsaya masa", kuma yawancin rigimar da ke kai mutane gaban mai unguwa daga nan take tasowa. Mai dukiya yana ɗauka an tsaya masa, mai kawowa kuwa yana ganin shi dai hanya ya nuna.

Don haka ga abin da nake ganin ya fi. Idan za ka ba da tukuici, raba shi. Ɗan goro a ranar da aka kawo yaron, babban kason kuma sai ya cika lokacin da kuka yanka. Ga yaron shago ko yaron mota, wata uku zuwa shida ya isa a ga halinsa. Ga makiyayi, ni ba zan ƙirga wata ba, zan ƙirga yanayi: ya fita da garke ya dawo da shi, ya ratsa damina ba a kawo ƙarar ɓarnar gona ba, ko ya ƙetare bazara lokacin da ruwa da ciyawa suka yi wuya. Makiyayin da ka gani a kaka kawai, ba ka gan shi ba tukuna.

Sannan ka canza tambayar. Mun saba da "Ɗan gidan wa ne?" Tambaya ce mai kyau, don tana nuna inda za a bi sawu idan wani abu ya faru. Amma ƙara da "Kun taɓa aiki tare? A ina? Me ya raba shi da maigidansa na baya?" Idan amsar ita ce "ai ɗan yayata ne" kuma shi ke nan, to ka san taimakon gida ake nema. Ba laifi ba ne, zumunci ne, amma ka shiga da idonka a buɗe.

Akwai illa biyu da ko tsarin tukuici mai kyau ba ya magancewa. Ta farko, kunya. Yaron da babban yaronka ya kawo, ranar da ya yi ba daidai ba, korarsa na nufin ɓata wa wanda ka fi dogara da shi. Ka faɗa tun farko, a gaban su biyun, cewa gwaji ne, kuma idan bai yi ba babu wanda zai riƙe wani. Ta biyu ta fi haɗari. Idan yaranka huɗu duk ta hannun mutum ɗaya suka shigo, to shagon naka ne a suna kawai. Buhu zai ɓace ba wanda ya gani, kuma ranar da ɗaya ya yi fushi, huɗu za su ɗaure kaya. Ka riƙa samo mutane ta ƙofa fiye da ɗaya, ka kuma bar gurbi ga wanda ya zo da ƙafarsa ba shi da kowa. Sau da yawa irinsu sun fi riƙe aiki da hannu biyu.

Ga mu 'yan kan iyaka akwai ƙarin abu guda. Yaron na iya zama ɗan Najeriya, maigida ɗan Nijar, mai kawowar kuma yana yawo tsakanin kasuwanni. Idan aka samu matsala, bin sawu a wata ƙasa ba wasa ba ne. A ga katin shaidarsa, a san garinsu da mai garinsu ko arɗonsu. A ƙirga dabbobin tare, a gaban shaidu biyu, a rubuta adadi da alamarsu. A kuma faɗi ladan da baki ƙarara, da naira ne ko da sefa, ko kuwa ɗan maraƙi ne bayan wa'adi kaza, domin canji yana hawa da sauka, kuma shi ma yaron yana da haƙƙin sanin abin da zai koma gida da shi.