Portend

Portend kalmar aikatau ce a harshen Turanci, ma'anarta wani abu ya zama alamar abin da ke tafe, galibi marar daɗi. Asalinta daga kalmar Latin portendere ne, ta shiga Turanci a ƙarni na 15.

Alama ce ke yin wannan aiki, ba mutum ba. Idan mutum ne ya yi hasashe, predict ake cewa. Misali, tumbatsar kogin Haɗejiya a watan Agusta tana alamta ambaliya ga manoman Miga da Jahun, a nan kalmar ta zauna daidai. Zuwan shamuwa garuruwan Dutse da Kiyawa kuwa albishir ne na damina, don haka herald ta fi dacewa da shi.