Koyon Shaɗaranji Daki-daki: Shawara ga Iyaye

Iyaye da dama a nan Meiganga, haka ma a Ngaundere da Garwa, sun lura 'ya'yansu 'yan lise sun kamu da wasan da suke kira eshek, wanda littattafanmu suka sani da shaɗaranji. Galibi a waya suke bugawa, wani har dare ya raba.

Tilas mu fara da abin da ke cikin littafi. Ibn Abi Zaid ya hana shi a ƙarshen Risala, Imam Malik ma bai yarda da shi ba. Malaman Shafi'iyya kuwa sun tsaya a karhanci, muddin babu caca, babu ashar, kuma bai sa an jinkirta salla ba. Maigidan da ya hana ɗansa yana da hujja. Maganarmu da wanda ya tambayi malaminsa, ya bari a yi.

A ganinmu, babbar ɓarnar tana cikin rashin tsari. Yaro ya buga wasa talatin na minti uku-uku a dare guda, gari ya waye bai ƙaru da komai ba sai jan ido da barci a aji. Gwanayen Bagadaza ba haka suka koya ba. Al-Adli ya rubuta littafin shaɗaranji wajen shekara ta 840, as-Suli kuma, wanda ya rasu a 946, ya biyo da nasa. Sun rarraba ilimin: ga ta'abiyya, wato yadda ake jera runduna a farkon wasa, ga mansuba, wato matsalar da ake ɗora wa ɗalibi a kan allo ya nemo mafita. Har darajoji suka yi wa 'yan wasa.

Mu da muka zauna a zaure mun san wannan hanya. Ba a ɗaukar Risala sai an sauke Ahalari da Ishmawi. To, yaro ya fara da ƙarshen wasa, inda 'ya'ya suka ragu: yadda sarki da sarauniya, daga baya sarki da hasumiya, ke ritsa sarkin da ya rage shi kaɗai. Capablanca na Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, nan ya ce a fara. Sai mansuba, biyar a rana sun isa. Ya jera ta a kan allo na katako, kada ya taɓa ko ɗa ɗaya sai ya hango amsar a zuciyarsa. Manhajar Lichess tana da su birjik, kyauta.

Sau ɗaya a mako ya buga dogon wasa da mutum ido da ido, yana rubuta kowane motsi a littafi. Washegari ya maimaita shi kamar tilawa, ya nemo inda wasan ya kuɓuce masa. Yara ba sa son wannan, domin ba mai son bitar kayensa, amma nan ne ƙaruwar take. Haddar buɗe wasa, wadda suka fi ɗoki, ta jira ƙarshe.

Duka wannan rabin sa'a ne bayan la'asar, idan an gama darasu da aikin gida. Kafin ladan ya kira magariba allo ya koma jakarsa, wayar kuma ta kwana a ɗakin uba.