Hoto baƙi da fari mai launi guda: ina gaskiya, ina shaci-faɗi?

Duk mai duba hotunan biki a WhatsApp ko Facebook ya taɓa cin karo da irinsa: komai baƙi da fari, sai ɗankwalin amarya kaɗai ja zur, ko lallen hannunta. Salon ya shiga ran matasa masu gyaran hoto a waya, daga Dungu har Matamaye da Damagaram, kuma maganganu sun yi yawa a kansa. Wasu gaskiya ne. Wasu kuwa shaci-faɗi ne, kuma su ne ke sace wa ɗan koyo gwiwa tun bai fara ba.

Wadda ta fi yawo ita ce wai shafa wa hoton launi ake yi. Ba haka ba ne. Hoton waya da launinsa yake zuwa tun ɗauka. Ɗige-ɗige ne miliyoyi, kowane ɗigo yana ɗauke da gwargwadon ja da kore da shuɗi, ana auna kowanne daga 0 zuwa 255. In ukun suka zo daidai wa daida, sai ɗigon ya koma ruwan toka, ko fari, ko baƙi. Aikin manhaja shi ne ta daidaita su a ko'ina, ta tsallake wurin da ka keɓe. Ke nan cirewa ake yi. Jan ɗankwalin nan nasa ne na asali, sauran launukan ne aka kashe.

Shafawar dai an yi ta, amma a zamanin da. A fim ɗin Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, wanda ya fito a Tarayyar Sobiyat a 1925, da hannu aka bi tutar jirgin ruwa ana shafa mata ja, hoto bayan hoto. A 1993 Steven Spielberg ya fitar da Schindler's List baƙi da fari, ya bar jar rigar wata ƙaramar yarinya don idon mai kallo ya bi ta cikin taro. Saboda haka mai cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta kawo salon bai san tarihinsa ba.

Sai batun kuɗi: wai sai da iPhone, ko kwamfuta mai Photoshop. Wannan ma ba shi da tushe. Tecno ko Itel ko Infinix, matuƙar tana da Android da ɗan wurin ajiya, ta isa. Snapseed ta kamfanin Google kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta, gyaran kansa ba ya cin intanet. Za ka mayar da hoton duka baƙi da fari, ka shiga jerin gyare-gyaren da ka yi, ka ɗauki burushi ka goge baƙi da farin daga kan abin da kake son launinsa ya dawo. Ka ƙara girman hoton da yatsu biyu kafin ka bi gefe-gefe, domin a nan ake gane aikin gaggawa.

Akwai hanya ta biyu, irin ta Lightroom, inda aka jera launuka 8 kana rage ƙarfin kowanne. A nan wani ƙorafi da ake yi gaskiya ne: ka bar ja, sai ka ga leɓe da kumatu da jar ƙasa duk sun fito da dabbare-dabbare. Manhaja ba ta san ɗankwali ba, launi kawai ta sani, fatar mutum kuwa tsakanin ja da ruwan goro take. Haka in ka bar kore a hoton gonar rake, ciyawa da ganyen mangwaro duk za su biyo. Hoton da ya fi dacewa shi ne wanda launin da kake so yake wuri guda, ba shi da ɗan'uwa a bayansa.

Gaskiya ne kuma hoto yana dusashewa. Sai dai ba salon ne ke cinye shi ba. Yawan adanawa da sake gyarawa ne, da turawa ta WhatsApp wadda ke matse hoto don ya yi sauƙi. Ka gama gyaranka a zama ɗaya, ka tura shi a matsayin fayil in kana son ya isa da kyaunsa.

Maganar da ta fi damuna ita ce cewa wai kowane lokaci ana iya dawo da launin. In ka fitar da hoton da ka gyara, ka goge na asali, launin ya tafi ke nan. Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi kintace suke yi. Shaddar mahaifinka ruwan ɗorawa tana iya fitowa shuɗiya. Hoton suna ko na aure ba a sake ɗaukarsa.

Wurare biyu kuma salon ba nasu ba ne. Hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa ba a taɓa launinsu. Mai sayar da atamfa ko leshi ta waya kuma, in ya kashe launin gefe ya zuga na kayan, mai saye zai karɓi abin da ba shi ya gani ba, wannan kuwa algus ne.

Mai karatu, kafin ka ɗora yatsa a kan kowane hoto, ka kwafe shi, ka yi gyaranka a kan kwafin, na asalin kuma ka adana shi a katin waya ko wata wayar daban.