Gobarar Motocin Dizal A Koriya Ta Kudu Da Abin Da Ya Shafi Masu Sayen Tokumbo

A ran 14 ga watan Agusta na shekarar 2018, gwamnatin Koriya ta Kudu ta ba da umurnin hana motocin BMW kimanin 27,000 hawa titi har sai an kai su an duba injinansu. Dalili kuwa shi ne, daga farkon shekarar zuwa wannan lokaci motocin kamfanin kusan 40 sun kama da wuta, da yawa daga cikinsu suna cikin tafiya a kan babbar hanya. Akasarinsu masu aiki da man dizal ne, wanda direbobi a nan ke kira gas, musamman samfurin 520d da ya yi farin jini a ƙasar. Abin ya kai har waɗansu masu filayen ajiye motoci a birnin Seoul suka riƙa hana motocin kamfanin shiga harabarsu.

Tun a watan Yuli kamfanin ya riga ya yi kiran a mayar da motoci sama da 106,000 domin gyara a Koriya kaɗai, shugaban reshensa na ƙasar kuma ya fito ya nemi gafarar jama'a. A watan Agusta kiran ya haɗa da motoci kimanin 324,000 a Turai, kafin Oktoba ya ƙare adadin ya kai miliyan 1.6 a duniya baki ɗaya.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, an san injin dizal da ƙarko da rashin saurin kama wuta. Ba ya amfani da fulogi kamar injin fetur. Iska yake matsawa a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai ya kama da kansa. Saboda ƙarfin wannan matsi, dole a ƙera shi da ƙarfe mai kauri, shi ya sa tsofaffin Marsandi masu dizal na shekarun 1970 da 1980 suka yi shekara da shekaru suna aikin tasi a ƙasashe irin su Maroko. Man dizal kansa ba ya tashi da tartsatsi ɗaya kamar fetur. Kuma injin ya fi tsimin mai, wanda shi ne ainihin abin da ya ja hankalin Turawa gare shi, tare da sassaucin haraji da gwamnatocinsu suka yi wa man.

Sai dai injin yana da aibi biyu: baƙin hayaƙi mai ƙura, da kuma wata iska mai guba da ke samuwa in zafin ƙonewa ya yi yawa, wadda ke cutar da huhu. Daga shekarar 1992 Tarayyar Turai ta shiga kafa dokokin rage hayaƙin mota, tana ƙara tsananta su mataki mataki har zuwa mataki na shida a shekarar 2014. Domin cika waɗannan sharuɗɗa, kamfanoni suka riƙa jingina wa injin sababbin na'urori, kuma a cikin waɗannan na'urori ne mafi yawan matsalolin motocin dizal na zamani suke.

Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda injiniyoyi ke kira EGR. Aikinta shi ne ta ɗebi wani kashi na hayaƙin da ke hanyar fita ta salansa, ta mayar da shi cikin inji domin ya rage zafin ƙonewa. Da yake hayaƙin yana da zafi matuƙa, sai an bi da shi ta cikin wani ɗan ƙaramin lagireto an sanyaya shi da ruwan inji tukuna. A motocin BMW da abin ya shafa, wannan ɗan lagireto ne ke tsagewa. Ruwan inji ba ruwa ne zalla ba, akwai sinadarin gilaikol a cikinsa, wanda in ruwan ya ƙafe yakan bar wani danƙo mai iya cin wuta. Danƙon sai ya cuɗanya da ƙurar hayaƙi da ɗigon baƙin mai, ya taru a hankali cikin watanni. Ranar da hayaƙi mai tsananin zafi ya bi ta kansa, sai ya soma ci kamar garwashi, garwashin ya faɗa bututun da ke shigar da iska cikin inji. Bututun nan na roba ne, an yi shi haka domin rage nauyi da kuɗi. Da zarar ya narke ya huje, wuta ta sami hanyar fita ƙarƙashin bonet.

Kamfanin da gwamnatin Koriya ba su yi sabani a kan wannan bayani ba. Inda suka raba hanya shi ne a kan tushen laifin da kuma lokacin da aka san shi. Kamfanin ya ce sai abubuwa da dama sun haɗu, kamar tsufan mota da doguwar tafiya da gudu, kafin wuta ta tashi. Kwamitin bincike na ma'aikatar sufuri, wanda ya ba da rahotonsa a ran 24 ga Disamba 2018, ya ce kuskuren yana cikin tsarin ƙirar na'urar, kuma kamfanin ya san da matsalar tun shekarar 2015 amma ya yi jinkirin kiran motocin. Ma'aikatar ta ci shi tarar Won biliyan 11.2, kimanin Dalar Amurka miliyan 10, ta kuma miƙa batun ga masu gabatar da ƙara. Kamfanin ya musanta cewa ya ɓoye wani abu.

Tarar ba wani abin a zo a gani ba ce ga kamfani mai girman BMW. Asarar gaske tana cikin kuɗin gyaran motoci miliyan 1.6 kyauta da kuma zubewar suna. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya gargaɗi masu hannun jari cewa ribarsa za ta ragu, ya kuma lissafa kuɗin gyare-gyaren garanti cikin dalilan. Koriya kuwa daga baya ta gyara dokarta, ta yadda kamfanin da ya ɓoye aibin mota zai iya biyan diyya har ninki biyar na asarar da ya jawo.

Gobara ce ta fi ɗaukar hankalin jaridu, amma ba ita kaɗai ce hanyar da injin dizal na zamani ke jefa direba cikin haɗari ba. Akwai matatar ƙurar hayaƙi da ake kira DPF, wadda kamfanin Peugeot ya fara sa wa motar 607 a shekarar 2000, daga 2009 kuma ta zama kusan dole ga kowace sabuwar motar dizal a Turai. Matatar tana tara ƙura, lokaci lokaci kwamfutar motar ta ƙara fesa mai domin ta ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ta ƙone abin da ya taru. Wannan yana bukatar tafiya mai ɗan nisa ba tare da tsayawa ba. Motar da ke wuni cikin cunkoson Legas daga Oshodi zuwa Apapa ba ta samun wannan dama. Ƙonewar takan katse a tsakiya, man da aka fesa ya zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi, sai a ga ma'aunin baƙin mai yana hawa maimakon sauka.

A nan ne wani haɗari wanda injin fetur bai san shi ba yake ɓullowa. Injin dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona dizal. In baƙin mai ya yi yawa, ko kuwa turbo ya lalace ya soma zuba shi cikin hanyar iska, injin yakan kama shan nasa man, ya yi ta ƙara gudu da kansa yana tuttuɗo farin hayaƙi. Kashe makulli ba ya tsayar da shi, domin makulli dizal kawai yake yankewa. Mai mota mai kuloci yana iya taka birki da ƙarfi, ya sa babbar giya ya saki kuloci injin ya shaƙe. Mai otomatik ba shi da wannan dabara, abin da ya rage masa shi ne ya tsaya a gefe ya fitar da mutane su yi nisa, injin kuwa sai ya cinye mansa ko ya fashe.

Sauran matsalar tana wajen famfon mai da nozil. Tsarin fesa mai na zamani, wanda ya shigo ƙananan motoci a shekarar 1997, yana aiki da matsi mai kaiwa ninki 2,000 na matsin iskar sarari, kuma man dizal ɗin ne kansa ke shafe ƙarafan famfon. In man ya zo da ruwa ko datti, ko an gauraya shi da kananzir, famfon yakan niƙe kansa ya watsa garin ƙarfe cikin dukkan bututun mai, injin ya mutu nan take ko da a tsakiyar hanya ne. Wannan ba sabon darasi ba ne. Kamfanin General Motors na Amurka ya sayar da motocin Oldsmobile masu dizal daga 1978 zuwa 1985, waɗanda aka fitar ba tare da na'urar raba ruwa da mai ba. Lalacewarsu ta sa Amurkawa suka juya wa ƙananan motocin dizal baya har tsawon shekaru masu yawa.

Ƙananan motocin dizal ba su da yawa a Nijeriya, dalilin kuwa na kuɗi ne. An daɗe da cire hannun gwamnati daga farashin dizal, alhali fetur ya ci gaba da samun tallafi har zuwa ran 29 ga Mayu 2023, saboda haka tsimin da Bature ke samu ba ya isowa aljihun ɗan Nijeriya. To amma kasuwar Turai ta sauya. Bayan abin kunyar kamfanin Volkswagen na watan Satumba 2015, inda ya amsa cewa ya sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci miliyan 11, sai masu saye suka soma gudun dizal. Biranen Jamus irin su Hamburg a 2018 da Stuttgart a 2019 suka taƙaita zirga-zirgar tsofaffin motocin dizal. Daga fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai a 2015, rabon dizal ya faɗo zuwa kashi 13.6 cikin ɗari a 2023. Motar da darajarta ta faɗi a gida kuwa, dillali waje yake nema mata kasuwa. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kashi 40 cikin ɗari, fiye da kowace nahiya.

Tsarin kiran mota domin gyara ya dogara ne a kan rajista. Kamfani yana karɓar adireshin mai mota daga hukumar ba da lamba ya aika masa da wasiƙa. Motar da ta bar Antwerp ta sauka a Tin Can, ta bi hannun dillalai biyu ko uku kafin ta isa Onitsha ko Kano, ta fita daga wannan rajista, wasiƙar kuma ba za ta taɓa iske mai ita ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin irin wannan kasuwa tun a 1970: in mai sayarwa ya san aibin mota mai saye bai sani ba, marasa kyau ne ke cika kasuwa. A cinikin tokumbo abin ya fi haka muni, domin sau da yawa dillalin kansa bai san tarihin motar da yake tallatawa ba.

Sa'an nan ga batun man. Ya kamata a lura cewa motocin Koriya sun ƙone ne da mai mai tsabta irin na Turai, inda tun 2009 ba a yarda farar wuta, wato sulfa, ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A shekarar 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta iske dizal mai farar wuta ninki 378 na ƙa'idar Turai. A lokacin ƙa'idar Nijeriya kashi 3,000 ce cikin miliyan. A watan Disamba na wannan shekara Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa kashi 50, ƙungiyar ECOWAS kuma ta ɗauki wannan ma'auni a 2020, ko da yake aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Farar wuta in ta ƙone ta haɗu da danshi tana zama ruwan batir, wanda ke cin ɗan lagireton EGR daga ciki, yana kuma hanzarta toshewar matatar ƙura. Ke nan na'urar da ta tsage a Seoul da mai mai kyau ba za ta fi daɗewa a inda man bai kai wannan ba.

Maganin da kanikawa da yawa suka saba yi shi ne su toshe EGR da faifan ƙarfe, su fasa matatar ƙura su zubar da cikinta, su sa a gyara kwamfutar ta daina kunna fitilar gargaɗi. Mai mota yana ganin ya huta, kuma ta fuskar aljihunsa ba a ce ya yi wauta ba, tun da sabuwar matata sai da kuɗin waje. Amma kuɗin da ya tsira da shi, masu talla a bakin titi da 'yan makaranta da ke bayan salansarsa ne ke biya da huhunsu. A watan Yuni 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. A Ingila, tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara.

Ga wanda ya riga ya mallaki irin waɗannan motoci, alamar farko ta tsagewar ɗan lagireton ita ce ruwan inji ya riƙa raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, wani lokaci tare da raguwar ƙarfin mota ko warin hayaƙi da ƙonewar roba. Kowace mota irin wannan tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ita ce Hukumar Kwastan ta fara amfani da ita wajen ƙiyasta kuɗin fito a 2022. Da wannan lamba kamfanin da ya ƙera motar, ko wakilinsa, zai iya faɗa wa mai saye ko tana cikin waɗanda aka kira, da kuma ko an yi gyaran kafin a loda ta a jirgi.