Injiniyan Da Sunansa Ba Ya Kan Kwalin Magani

Masu sayar da magani a Maiurno, garin da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, sun daɗe suna saro kaya daga Bahri, unguwar masana'antu da ke arewacin Khartum, inda kamfanoni irin su Amipharma suke. Idan ba a manta ba, yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, injuna suka tsaya. Wad Madani ma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban shekarar, sai a Janairun 2025 sojoji suka ƙwato ta, Khartum kuma a watan Maris.

Tun daga lokacin 'yan kasuwa ke tambayarmu dalilin da ya sa tayar da masana'antar magani ke ɗaukar lokaci haka. Amsar tana hannun shugaban injiniyoyin gyara.

Da farko akwai ruwa. Tataccen ruwan haɗa magani yana zagayawa cikin bututun ƙarfe dare da rana, domin da zarar ya tsaya ƙwayoyin cuta sun manne a ciki. Sai an wanke bututun, an yi makonni ana gwada ruwan kafin a amince da shi. Haka iskar ɗakin aiki: sai an sauya matatanta, an daidaita zafi da danshi, don kada ƙurar wani magani ta faɗa cikin wani. Injin buga ƙwaya kuwa, idan bakinsa ya ci ko ya yi tsatsa, nauyin ƙwayar zai sauya, maras lafiya ya sha ƙasa da abin da likita ya rubuta. Kayan gyaran kuma daga Indiya ko Sin ko Turai ake sayo su, da dala.

Sai dai aikin shugaban ya wuce riƙe sifana. Shi ke tsara ranar duba kowane inji kafin ya lalace, ya raba makanikai da masu aikin lantarki dare da rana, ya tabbatar an rubuta kowane gyara an sa hannu. Idan mai kamfani ya matsa a ci gaba da aiki alhali ma'auni ya kauce, shi ne zai ce a tsaya. Ga shi ƙwararru da dama sun yi hijira zuwa Masar da ƙasashen Larabawa, dole ya horar da sababbi.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da ke cike giɓin da maganin ƙetare su duba lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki a kowane kwali. Yawancin ƙwayoyi ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, insulin kuwa tsakanin 2 da 8 ake ajiye shi. Wahalar da injiniya ya sha, yini guda a rana kan bayan mota na iya ɓata ta.